Takunkumin Makamai a Yaƙin Basasar Nijeriya

Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, Amurka ta ce ba za ta sayar wa kowane ɓangare makamai ba. Ingila kuwa ta ci gaba da ba gwamnatin Gowon bindigogi da harsasai, amma ta hana ta jiragen yaƙi. Sai Gowon ya juya ga Tarayyar Sobiyet. A watan Agusta jiragen MiG suka iso Kano, aka ɗauko matuƙa daga Masar. A ganina, wannan hani shi ya buɗe wa Sobiyet ƙofar da a da take rufe. Biyafara ma ba ta rasa ba: daga 1968 makaman Faransa suka riƙa biyowa ta Gabon da Kwaddibuwa, ana sauke su cikin dare a filin jirgin Uli.