Daga Gaskiya Ta Fi Kwabo Zuwa Wayar Hannu: Me Muka Rasa?

 A wannan makon za mu waiwayi jaridar takarda, wadda ta raini rubutun Hausa na boko, yau kuma take neman zama tarihi.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ƙarƙashin kulawar Dakta Rupert East, Malam Abubakar Imam kuma yana editanta. Kwabo ɗaya ake sayar da ita, kuma da farko wata-wata take fitowa. Masu ilimin boko ba su da yawa a lokacin, don haka kwafi ɗaya kan zagaya unguwa: mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi a zaure, saura su saurara. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a shekarar, sai ta zama hanyar jin labarin fagen daga. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya.

A shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna ƙananan jaridu: Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, Bazazzaga a Zariya. Manufar ita ce wanda ya koyi karatu a ajin manya ya sami abin karantawa, kada karatun ya zube. Daga baya Gaskiya ta koma hannun kamfanin New Nigerian, wanda ya fara fitar da jaridarsa ta Turanci a Kaduna a 1966. A shekarun 1980 kamfanin Triumph na Kano ya fito da Albishir, da kuma Alfijir da ake bugawa da ajami.

To, me ya kawo faɗuwar? Mun saba ɗora wa intanet laifi, alhali ciwon ya riga ta zuwa. Tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, takarda da tawada da kayan gyaran inji kuwa yawanci daga waje ake shigo da su. Masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku, wadda aka sa wa rai, ta tsaya a shekarun 1990. Jaridun gwamnati sun dogara da kuɗin gwamnati. In tallafi ya yanke, albashi ya tsaya, bugu ma ya tsaya. Masu talla kuma sun fi karkata ga jaridun Turanci. Ga rediyo, wadda Bahaushe ya daɗe da rungumarta, tana ba shi labari kyauta. Sai wayar salula ta shigo a 2001, Facebook da WhatsApp suka biyo baya. Duk da haka Aminiya ta fito a 2006 ta sami masu karatu, amma Gaskiya ba ta kai labari ba, ta ɓace daga teburin masu sayar da jarida.

Abin da ya shafe mu shi ne wannan: jarida makaranta ce. In ka aika wasiƙa ko waƙa, sai ta bi ta hannun edita. Shi zai raba maka kalmomin da ka haɗe, ya mayar wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, ya datse surutu, ko ya ajiye rubutun gaba ɗaya. Ranar da ka ga sunanka a shafi, ka san wani ido ya tace ka. Yau kowa editan kansa ne. Ƙofa ta buɗe wa dubban marubuta, musamman mata, kuma wannan alheri ne. Amma mai gyara ya tafi, kuma labarin da ke cikin waya kaɗai yana iya salwanta ranar da aka sace ta ko aka rufe shafi. Tsofaffin jaridu kuwa har yanzu masu bincike na neman su a Arewa House da ke Kaduna.

Ba za mu iya dawo da zamanin kwabo ba, amma za mu iya riƙe tarbiyyarsa. Kafin ka saki rubutu, ba wani ya duba maka, kuma ka jure gyara. Ka koyi ƙa'idojin rubutun Hausa. Ka adana aikinka a wuri fiye da ɗaya.

Wanda ya taɓa riƙe Gaskiya ko Albishir a hannunsa, ya ba mu labari a ƙasa. Allah Ya ƙara mana basira.