Daga Akwatin Masu Sauraro: Me 'yan makaranta ke zuwa gani a ƙasar Aisilan?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa, ya aiko da takarda yana cewa ɗan ƙanensa da ke karatu a Ingila ya rubuto masa wai makarantarsu za ta kai su Aisilan kallon duwatsu masu aman wuta da tsaunukan ƙanƙara. Yana tambaya: shin wace ƙasa ce wannan, kuma me ke cikin kallon dutse da har za a kashe masa kuɗin jirgi?

To, Malam, mun gode da takardarka. Aisilan dai tsibiri ne can arewacin tekun Atlantika, mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Mutanen Norwe ne suka fara zama cikinta wajen shekarar 874, kuma sai a 1944 ta zama jamhuriya, bayan ta daɗe ƙarƙashin Danmak. Tana zaune ne daidai inda manyan ɓangarori biyu na ɓawon duniya ke rabuwa da juna, kimanin santimita 2 kowace shekara. Ta wannan tsaga ne narkakken dutse ke samun hanyar ɓullowa. A bisa kuma ga ƙanƙara wadda ta rufe kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙasar, ba ta narkewa rani da damina.

Abin da ya fi girgiza tarihinsu shi ne aman wutar Laki. Ran 8 ga watan Yuni 1783 ƙasa ta tsage, tsagar ta wuce kilomita 25, ta yi ta fitar da wuta da hayaƙi har wata takwas. Ba wutar ce ta yi kisa ba, gubar hayaƙin ce da ta sauka kan ciyawa. Dabbobi suka ci, haƙoransu da ƙasusuwansu suka lalace. Kusan rabin shanu da dawaki suka mutu, tumaki kuwa kamar takwas cikin kowane goma. Kai da ka san noma da kiwo ka san abin da ke biyo baya: yunwa. Ta ci kimanin mutum ɗaya cikin biyar na ƙasar. Hazon ya rufe Turai a wannan shekara, kuma masana na danganta shi da ƙarancin cikar kogin Nilu da yunwar da ta auka wa Masar a 1784. Ka ga ke nan, dutsen da ke nesa yana iya taɓa rumbun wanda bai taɓa jin sunansa ba.

A 1973 kuma, daren 23 ga Janairu, wuta ta ɓarke a bakin gari a tsibirin Heimaey. Allah ya sa jiragen masunta duk suna tasha saboda guguwar da aka yi, da su aka kwashe mutum kimanin 5,000 a daren. Gidaje wajen 400 suka salwanta. Da narkakken dutsen ya doshi tashar jiragen, wadda ita ce abincin garin, sai aka kafa injuna aka yi ta feshe shi da ruwan teku wata da watanni har ya daskare. Tashar ta tsira.

'Yan kasuwa ma sun ɗanɗana. A watan Afrilu 2010 tokar wani dutse na Aisilan ta sa aka soke tashin jiragen sama kimanin 100,000 cikin mako guda. Furanni da kayan lambu na manoman Kenya, waɗanda ake kaiwa Turai, suka ruɓe a hannunsu.

Amma fa wutar nan ba sharri kaɗai ta zame musu ba. Zafin ƙarƙashin ƙasa yana tafasa ruwa, tun dā matan babban birninsu Rekiyabik kan je wanki a irin waɗannan maɓuɓɓuga. A 1930 aka ja bututu mai tsawon kilomita 3 daga wurin wankin zuwa wata makarantar firamare don ɗumama ta. Da man fetur ya yi tsada a 1973, sai suka duƙufa haƙa rijiyoyin ruwan zafi. Yanzu gida tara cikin goma da shi ake ɗumama su, lantarkinsu kuwa kusan duka daga ƙarfin koguna da tururin ƙasa yake fitowa. Har tumatir suna nomawa cikin ɗakunan gilashi, a ƙasar da sanyi ke hana shuka fita.

Ƙanƙarar kuma tana ja da baya saboda ɗumamar duniya. A 2014 aka tabbatar ɗaya daga cikin tsaunukan ƙanƙararsu, Okjokul, ya ƙare. Shi ya sa malamai ke son yara su auna da hannunsu, su gani da idonsu.

Kada ka ɗauka abin na Turawa ne kawai. A Kamaru, ran 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke bakin tsohon dutsen wuta ya saki iskar da ta halaka mutum fiye da 1,700 da dubban shanu a dare ɗaya. Tuddan Biu da na Jos suna da duwatsun da suka taɓa aman wuta, ga kuma ruwan ɗumi na Wikki a Yankari. Malamin da ba shi da kuɗin jirgi yana iya kai ɗalibansa nan.

Saboda haka, Malam, in iyayen yaron na da hali, a bar shi ya je. In ya dawo, ka sa ya rubuto maka abin da ya gano. Da fatan ka gamsu.