Ƙididdigar Bulo, Siminti da Dutse a Ginin Bango: Nazari a kan Ma'aunan Magina a Arewacin Nijeriya

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda ake ƙiyasta kayan ginin bangon bulo da na dutse a arewacin Nijeriya, ta hanyar auna ƙa'idojin da magina suka saba da su da lissafin da girman kayan da kansu ke bayarwa. Sakamakon ya nuna cewa ƙa'idar bulo goma a kowane murabba'in mita ba ta cika haifar da giɓi ba, kuma kuskure mai haɗari ya fi aukuwa wajen kwaɓi, inda kaurin mahaɗa da laimar yashi da rashin tsayayyen ma'auni ke sa siminti ya gaza, sai a cike gurbinsa da yashi.

Gabatarwa

Ƙididdigar kayan gini ita ce fitar da yawan bulo da siminti da yashi da dutsen da aiki zai ci tun kafin a haƙa harsashi. A Nijeriya sana'a ce mai zaman kanta, domin ƙungiyar masu ita ta kafu tun 1969, hukumar yi musu rajista kuma ta samu da doka mai lamba 31 ta 1986. Sai dai gidajen da ake ginawa a sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Sakkwato akasarinsu ba sa bi ta hannun waɗannan masana, mai gida ne da birkila ke zama su yanke adadin kaya, shi ya sa ma'aunan birkila, wato kwanon sarki da baro da tifa, suka cancanci a yi musu nazari na ilimi.

Lissafin bulo

Bulon siminti da yashi da aka fi gini da shi iri biyu ne: mai inci tara, wanda tsawonsa milimita 450 ne, tsayinsa 225, kaurinsa 225, da mai inci shida, wanda ya bambanta da shi a kauri kawai, wato milimita 150. Tun da fuskarsu ɗaya ce, adadin da murabba'in mita ke ci ɗaya ne. Idan aka raba murabba'in mita da fuskar bulo tsurarsa za a samu 9.88, daga nan ne ƙa'idar bulo goma ta samo asali. Amma bulo ba ya zama a kan ɗan'uwansa kai tsaye, akwai mahaɗa, wato shimfiɗar kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo ta ƙasa da ta gefe. Idan kaurin mahaɗa milimita 10 ne, adadin zai sauko zuwa 9.25, idan kuwa milimita 25 ne, kamar yadda aka fi gani a wuraren gini, zai sauko zuwa 8.42.

Ɗaki mai faɗin mita 3.6 da tsawon mita 3.6 ta ciki, wanda magina ke kira sha biyu sha biyu, zai isa misali. Ana auna tsawon bango ne ta tsakiyar kaurinsa, domin awo ta waje yana ƙirga kusurwa sau biyu, awo ta ciki kuma yana barin ta gaba ɗaya. Da bulo mai inci tara, layin tsakiya zai ba da mita 15.3, kuma idan tsayin bango mita 3 ne, faɗin fuskarsa murabba'in mita 45.9 ke nan. Daga nan sai a cire ƙofa mai mita 0.9 da 2.1, da tagogi biyu masu mita 1.2 da 1.2, da linta mai tsayin milimita 225 da ta zagaye ɗakin, abin da ya rage shi ne murabba'in mita 37.69. Ƙa'idar goma za ta ce a sayo bulo 377, alhali lissafin mahaɗa mai milimita 25 ya tsaya a 318, ko 334 idan an ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda fashewa wajen lodi da saukewa da yankan rabi. Rarar da ke tsakani ba asara ba ce ƙwarai, tun da bulo ba ya lalacewa da ajiya, kuma wani lokaci ita ce ke rufe giɓin bulon da aka buga da ƙaramin injin da bai kai cikakken awo ba.

Kwaɓi da ma'aunansa

A nan ne matsalar take. Kwaɓi shi ne haɗin siminti da yashi da ruwa da ake ɗora bulo da shi, kuma yawansa yana fitowa ne idan aka cire girman bulo daga girman bango. A bango mai inci tara, mahaɗa mai milimita 10 tana cin kubik mita 0.014 a kowane murabba'in mita, mai milimita 25 kuwa tana cin 0.033, wato fiye da ninki biyu. Ga ɗakin da aka ambata, mahaɗa mai milimita 25 ta kama kubik mita 1.25 na ɗanyen kwaɓi. Da yake siminti yana shigewa cikin ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi idan an zuba ruwa, busassun kayan da ake buƙata sukan fi ɗanyen kwaɓi da kusan kashi 30 cikin ɗari, saboda haka adadin zai koma 1.63. A haɗin ɗaya bisa shida, wato awo ɗaya na siminti da shida na yashi, rabon siminti kubik mita 0.23 ne, kuma tun da buhu mai kilo 50 yana ɗaukar kusan 0.035, ana buƙatar buhu 7, alhali da siririyar mahaɗa buhu 3 zai wadatar. Wannan lissafi ya gaskata abin da ƙwararrun birkiloli ke faɗa, cewa buhu ɗaya yana ɗora bulo mai inci tara kusan hamsin. Ramukan cikin bulo ya kamata su rage yawan kwaɓi, amma abin da ke zubewa cikinsu daga cokalin gini yakan cinye wannan ragin, don haka bai dace mai lissafi ya dogara da shi ba.

Abin damuwa shi ne yadda ake auna haɗin a wurin aiki. Buhun siminti daidai yake da kwanon sarki biyu, saboda haka haɗin ɗaya bisa shida yana nufin kwano goma sha biyu na yashi, ko baro uku idan an shafe bakinsa. Lebura kuwa ba shafe baki yake yi ba, tozo yake yi wa baro, kuma tozon nan kaɗai ya isa ya mai da haɗin ɗaya bisa takwas ba tare da kowa ya yi niyyar ha'inci ba. Laima ma tana da nata tasirin: yashi mai ɗan danshi, irin wanda ake ɗebowa daga rafi ko wanda ruwan damina ya taɓa, yana kumbura da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, domin ruwan da ya lulluɓe ƙwayoyinsa yana raba su da juna. Wanda ya sayi tifar irin wannan yashi ya sayi ƙasa da abin da idonsa ya gani, kuma tifa ita kanta ba awo ba ce, tun da girman bodinta ya bambanta daga mota zuwa mota.

Illar ƙarancin ƙiyasi ba ta tsaya ga aljihu ba. Idan siminti ya kusa ƙarewa ana sahu na takwas, da wuya mai gida ya yarda cewa lissafi ne ya gaza, abin da ya fi faruwa shi ne a ƙara yashi domin ragowar buhunan su kai linta. Ƙa'idar NIS 87 ta Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya ta tanadi cewa ƙarfin bulon da ke ɗaukar nauyi kada ya gaza niyuton 3.45 a kowane murabba'in milimita, na wanda ba ya ɗaukar nauyi kuma kada ya gaza 2.5, kuma gwaje-gwajen da aka yi a jami'o'in ƙasar sun sha nuna cewa bulon kasuwa da yawa ba ya kai wannan mizani. Raunin kwaɓi a kan raunin bulo haɗari ne da bai kamata a yi wasa da shi ba.

Bangon dutse

Ginin dutse, wanda ake yi a harsashi da magudanar ruwa da bangon tare zaizayar ƙasa, musamman a wurare masu duwatsu irin Jos da Abuja, ana lissafinsa ne da kubik mita, domin dutse ba shi da tsayayyar fuska. Bango mai tsawon mita 20, tsayin mita 1.2, da kaurin mita 0.45 yana da girman kubik mita 10.8, idan kuma gindinsa ya fi kansa faɗi sai a ɗauki matsakaicin kaurin biyu. A dutsen da ba a sassaƙa ba, kwaɓi yana cin kusan kashi 30 cikin ɗari na bangon, wato kubik mita 3.24, wanda a haɗin ɗaya bisa shida zai buƙaci buhu 18, a haɗin ɗaya bisa huɗu da ya fi dacewa da wurin da ruwa ke bi kuma buhu 25. Dutsen da ya rage kubik mita 7.56 ne, kimanin tan 20 idan dutsen giranit ne, amma a tsibi zai kai kubik mita 13 ko fiye saboda sararin da ke tsakanin duwatsu. Wanda ya yi odar kubik mita 10.8 na dutse domin bango mai girman 10.8 zai tarar kayansa sun ƙare kafin aiki ya kai ƙarshe. Wajibi ne kuma a ware dogayen duwatsun da za su ratsa kaurin bango daga fuska zuwa fuska, domin su ne ke ɗaure ɓangarorin biyu, kuma ba kowace tifa ke zuwa da su ba sai an nema.

Shawara

Ya kamata cibiyoyin koyar da sana'a da ƙungiyoyin magina su horar da birkiloli su rubuta kaurin mahaɗa da haɗin kwaɓi a cikin takardar ƙiyasi, su maye gurbin baro da akwatin awo na katako mai ɗaukar buhu ɗaya daidai, sannan a auna tsawo da faɗi da zurfin bodin tifa kafin a biya kuɗin yashi ko dutse.