Daga Faifai Zuwa Filashi: Tarihin Cusa Sabuntawa a Cikin Windows Tun Kafin a Ɗora Ta

Wanda kwamfutarsa ta rikice a Awe, ko dai ya dace da mai gyara a cikin gari, ko ya rungume ta ya bi hanyar Obi zuwa Lafiya. Duk inda ya kai ta, da wuya hukuncin ya canza: "Alhaji, sai dai a yi mata fomatin." Mai shago zai zaro filashi daga aljihun gaba, ya soka, kafin a idar da la'asar kwamfuta ta tashi da sabuwar Windows, gyare-gyaren watan jiya duk suna jikinta, ba a ƙona data ko ta sisin kwabo ba. Dabarar da ke cikin filashin nan ta haura shekara 20 da haihuwa, kuma ba don irin su mai shagon aka ƙirƙiro ta ba.

A zamanin Windows NT 4.0, wadda ta fito a 1996, shekarar da aka yanke jihar Nasarawa daga Filato, aikin hawa biyu ne. Za ka ɗora Windows daga faifai, sannan ka bi ta da babban ƙunshin gyara, wanda Microsoft ta fitar har guda shida. Abin haushin, da zarar ka koma wa faifan asali don ƙara wani sashe, tsofaffin fayiloli sun danne sababbi, dole ka sake ƙunshin daga farko. Manyan kamfanoni masu dubban kwamfutoci a Amurka da Turai su ne suka fi jin jiki. Da Windows 2000 ta zo, sai aka ba su hanya: a kwafe faifan, a narka ƙunshin gyaran a cikin fayilolinsa, duk kwamfutar da aka ɗora wa daga nan ta fito a gyare. Kamar dai zuba gishirin Awe tun miya tana kan wuta, maimakon kowa ya barbaɗa a kwanonsa.

Sai da bala'i ya sauka kafin ƙananan masu gyara su san darajar abin. A watan Agustan 2003 tsutsar Blaster ta ɓarke, Sasser ta biyo baya a ƙarshen Afrilun 2004. Waɗannan ba sa jiran ka buɗe wata wasiƙa. Ka gama ɗora Windows XP daga tsohon faifai, ka jona intanet don sauko da maganin, kafin maganin ya iso cutar ta riga ta shiga, allo ya fara ƙirga daƙiƙa 60 kwamfuta ta mutu ta sake tashi. Ƙunshi na biyu na XP, wato SP2, ya fito a Agustan 2004 da katangar tsaro a kunne tun daga farko, amma nauyinsa ya kai megabait 266. A layin tarho na wancan lokaci, ko babu katsewa sam, sama da awa 10 ke nan. Mu kuwa a Arewa, wayar SAT-3 ta ƙarƙashin teku a Legas ta tsaya a hannun NITEL, shagunan intanet ɗinmu kwanon tauraron ɗan'adam suke rabawa, kowa ɗan tsakure. MainOne da Glo-1 sai a 2010 suka iso. Saboda haka mutum ɗaya ne zai kwana a kafe ya sauko da ƙunshin, sauran su kwafa, faifai ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu: Ikeja, titin Beirut a Kano, Jos, har Lafiya.

Haɗa faifan kansa yana da tarko. Mutum zai narka SP2 lafiya lau, ya ƙona da manhajar Nero, ya sa a kwamfuta, shiru, ta ƙi tashi daga faifan. Dalili shi ne wani ɗan guntun sashe na tayarwa da ba ya biyo kwafi na yau da kullum. Sai an ciro shi daban daga faifan asali an haɗa lokacin ƙonawa. Wani kuma ya ƙona da gudun tsiya a kan faifai mai arha, aiki ya kai rabi Windows ta ce ta kasa kwafe fayil kaza. Tsofaffin hannu a hankali suke ƙonawa, su rubuta kwanan wata da maka a bayan faifan. Faifan da ya zo a kwalin kamfanin kwamfuta sau da yawa ƙin karɓar ƙunshin yake yi gaba ɗaya, don an riga an cusa masa wasu ƙananan gyare-gyare. Da SP3 ya zo a 2008 kuwa, waɗanda suka yi haɗin a kan kwamfuta mai Vista suka tarar faifan yana ƙin lambar lasisi ta gaskiya.

Amma babu abin da ya wahalar da masu gyara kamar F6. Wajen 2007 da 2008 laftof masu Vista suka fara shigowa, masu su kuma suka nace sai XP, don ita suka saba da ita, ita ce kuma ba ta da nauyi. XP ba ta san sabon tsarin haɗa diski na SATA ba. Ga yaron shago tsugune gaban laftof, faifai yana ta juyawa, can sai allo ya koma shuɗi da lamba 0x0000007B, ko a ce masa ba a ga diski ba alhali ga diski a ciki.

"Oga, ta ce in danna F6 in sa fulofi."

"To ina ramin fulofin a jikinta?"

Babu shi. XP daga fulofi kaɗai take karɓar direban diski, laftof kuma ta daɗe da daina zuwa da shi. Mai sa'a yakan sami wurin mayar da diskin tsohon tsari a cikin BIOS. Wanda bai samu ba sai nLite, wata manhaja kyauta da Dino Nuhagić, ɗan ƙasar Kuroshiya, ya rubuta. Da ita ake cusa direban a cikin faifan, a ƙara sabuntawa, a amsa duk tambayoyin ɗorawa tun a gaba, har a cire sassan da ba a so.

Wannan cirewar ita ta jawo ɓarna. Kasuwa ta cika da faifan XP da wasu suka fafe, masu baƙin bango da suna mai daɗi irin su Black Edition. Suna da gudu kam a kan tsohuwar Pentium 4 ta gwanjo. Sai bayan wata uku mai shagon buga takardu ya sayo firinta, ta ƙi shiga, don an cire sashen da take buƙata, kuma babu hanyar mayar da shi sai sabon fomatin. Wanda ya haɗa faifan ba a san shi ba, abin da ya ɓoye a ciki ma ba a sani ba. A ganina nan ne aka bambanta mai sana'a da mai lalube: na farko daga tsabtataccen kwafi yake gina nasa, ya san kowane abu da ya zuba, na biyu gadon faifai ya yi daga wani ogan da shi ma gada ya yi. Microsoft kanta ba ta ji daɗin yawon gyare-gyarenta a hannun wasu ba, shi ya sa a 2007 ta sa aka dakatar da AutoPatcher, mai tattara sabuntawa wuri guda don marasa intanet.

Daga Vista tsarin ya canza ɗungurungum. Windows ta koma babban fayil guda, install.wim, wanda ake buɗewa a gefe, a yi masa aiki, a rufe. A Windows 7 ta 2009 kayan aikin wannan shi ne DISM, kuma har fakitin harshe ana iya cusawa da shi. Akwai ma na Hausa, ko da yake da wuya ka ga shagon da ya damu da shi. Ƙunshi ɗaya tak Windows 7 ta samu, a Fabrairun 2011. Daga nan gyare-gyare suka yi ta taruwa ɗaya-ɗaya har suka haura 200, ta kai ga a 2015 da 2016 sabuwar kwamfuta kan yini tana "neman sabuntawa", fanka na ihu, man janareta na ƙarewa, ba ta sauko da komai ba. A Mayun 2016 Microsoft ta dunƙule su a KB3125574, sai dai ba ya shiga sai an fara sa gyaran injin sabuntawa na Afrilun 2015. Wanda ya juya jerin, kuskure kawai zai gani.

A daidai wannan lokaci ne buƙatar ta ƙaru a nan gida. Jami'ar Tarayya ta Lafiya ta samu kafuwa a 2011, JAMB kuma ta mayar da jarabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. A ce cibiya mai kwamfuta 250, kowace ta sauko da megabait 500 da kanta: gigabait 125 ke nan a abu ɗaya da za a iya saukowa sau ɗaya. Lissafin kamfanonin Amurka na shekarar 2000 ya iso Nasarawa, amma da tsadar data da ƙarancin wuta a kai. Wutar ba ƙaramar magana ba ce: idan NEPA ta ɗauke ana tsakiyar aiki a kan install.wim, fayil ɗin yakan maƙale rabi a buɗe, sai an share ragowar an faro daga farko. Lafiya ba ta sami babbar tashar rarraba wuta ta Akurba ba sai a 2022.

Tarihin F6 ma ya maimaita kansa. Kwamfutocin Intel na 2015 sun bar tsohon tsarin USB, Windows 7 kuma ba ta san USB 3.0 ba, sai ka kai shafin zaɓen harshe linzami da allon rubutu su mutu murus. Dole a cusa direban a wuri biyu, boot.wim da install.wim, masu sa shi a guda ɗaya sun sha mamaki. Sannan yawan cushe ya sa install.wim ya wuce gigabait 4, iyakar abin da filashi mai tsarin FAT32 ke ɗauka a fayil guda. Ko a tsaga fayil ɗin da DISM, ko a bar wa Rufus, manhajar Pete Batard, ta san yadda za ta yi.

Windows 10 ta 2015 ta sauƙaƙa abin: sabuntawar kowane wata tana ɗauke da duk na baya, guda ɗaya ya wadatar. Amma tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafinta na kowa da kowa, Windows 11 kuma tana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da sabon furosesa, abin da yawancin laftof na hannu da ke kasuwanninmu ba su cika ba. Rufus na iya tsallake sharaɗin, masu gyara kuma suna tsallakewa, duk da Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da ba irin waɗannan kwamfutoci sabuntawa ba. Ga kuma takardun shaidar tsaron tayarwa, wato Secure Boot, na 2011 da wa'adinsu ke fara cika a watan Yunin 2026. Kwamfutar da aka soke wa amincewa da tsohon sa-hannun ba za ta tashi daga filashin da aka haɗa kafin sauyin ba, sai an sake gina shi da sababbin fayilolin tayarwa.