Me ya sa katin memori ke lalacewa idan wuta ta yanke?

Tsarin fayil shi ne ƙa'idar da na'ura ke bi wajen jera bayanai a ma'ajiyarta. Katin memori, kle USB da ma'ajiyar cikin waya, duk an yanka su zuwa ƙananan ɗakuna masu girma ɗaya. Hoto guda kan ci ɗaruruwan ɗakuna, kuma ba lalle su kasance a jere ba. Shi ya sa ake da wani tebur da ke nuna ɗakunan kowane fayil.

Inda matsalar take

Ajiye fayil ɗaya aiki uku ne: a zuba bayanan cikin ɗakuna, a gyara tebur, a rubuta sunan fayil ɗin cikin jerin sunaye. Idan wuta ta yanke, batir ya ƙare ko aka fizge katin ana tsakiyar aiki, sai tebur ya faɗi wani abu, ɗakuna su faɗi wani. Daga nan hoto ya ƙi buɗewa, ko waya ta nemi a goge katin gaba ɗaya.

Katunan da ake saya a kasuwa sun fi fuskantar wannan haɗari. Wanda bai wuce giga 32 ba yakan zo da tsarin FAT32 na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 1996, wanda ya fi haka kuma da exFAT na 2006. Dukansu biyu ba su ajiye shaidar aikin da ke kan hanya.

Yadda jurnal ke aiki

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne jurnal, wato wani keɓaɓɓen wuri da na'ura ke fara rubuta gyaran da za ta yi. Kamar ɗan kasuwa ne da ke rubuta ciniki a ƙaramin littafi kafin ya kwafe shi a babba. Idan ta gama rubutawa sai ta sa alamar kammalawa, sannan ta taɓa ainihin teburin. Bayan yankewar wuta, na'urar na duba jurnal: abin da ke da alama ta ƙarasa shi, wanda babu ta watsar. Haka NTFS na Windows ke yi tun 1993, da ext3 na Linux tun 2001, da ext4 na 2008 da ke cikin wayoyin Android da dama.

Ƙananan na'urori

Kyamarar tsaro, dikoda da na'urar biyan kuɗi suna da wata damuwar: ma'ajiyarsu na gajiya da yawan rubutu, jurnal kuwa rubutu biyu ne. Don haka tsarin littlefs, da kamfanin ARM ya fitar a 2017, ba ya rubutu a kan tsohon bayani. Yakan rubuta sabo a wani ɗaki, sai ya kammala sannan ya maida shi na aiki.

Abin lura

Galibi jurnal tebur yake karewa, ba ya ceto bayanan da ba su gama sauka ba. Saboda haka a umarci waya ko kwamfuta ta saki kati kafin a zare shi. Idan kuma ya lalace, kar a yi gaggawar goge shi ko zuba sabon abu: sau da yawa hotunan na nan cikin ɗakunansu, teburin ne kawai ya rikice, kuma mai gyara na iya dawo da su.