Ƙofofin Kano da Unguwannin Bayan Ganuwa

1.0 Gabatarwa

A yau idan aka ce wa ɗalibi Ƙofar Mata ko Ƙofar Nasarawa, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne wurin da mai adaidaita sahu zai sauke shi. A wannan maƙala za mu nuna cewa waɗannan ƙofofi su ne iyakar birni da waje, kuma a bakinsu ne tsofaffin unguwannin bayan ganuwa suka tsiro.

2.0 Ganuwa da Ƙofofinta

Tarihi ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwar Kano, ɗansa Tsaraki ya kammala, sannan Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta. Da tubali da laka aka gina ƙofofin, aka yi musu rufin azara. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda ke rufe ta da dare, ya buɗe da safe. Saboda haka baƙon da dare ya yi masa a hanya sai ya kwana a waje.

3.0 Unguwannin Bayan Ganuwa

Wannan tsari ne ya raya Fagge, wadda ke daura da Ƙofar Mata da Ƙofar Wambai. Nan ne zangon da ayarin Azbinawa da sauran fatake ke sauke raƙumansu kafin su shiga Kasuwar Kurmi. Sannu a hankali zango ya zama unguwa.

Bayan da sojojin Turawan Ingila suka kutsa birnin ta Ƙofar Kabuga a 1903, sai ma'anar waje ta sauya. Turawa suka kafa mazauninsu a Nasarawa da Bompai. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka keɓe Sabon Gari domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Birni kuwa ya ci gaba da zama ƙarƙashin Sarki da alƙalansa. Ke nan ƙofa ta tashi daga matsayin kariya daga mahara, ta koma shaidar rabuwar tsarin mulki da na zamantakewa. Da zirga-zirga ta yawaita, aka huda ganuwa aka buɗe Sabuwar Ƙofa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

4.0 Halin da Ake Ciki

A 2007 aka sanya ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Duk da haka, a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata a gurbinta. Mai son ganin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin Kano sai ya tafi Gidan Makama.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa gini kan rushe, suna ya saura, amma sunan da ba a koyar da asalinsa ba shi ma ɓacewa zai yi. Don haka muna ba da shawarar manhajar Hausa ta sa ɗalibai su binciki sunayen unguwanninsu. Wannan bai tsaya ga garuruwa masu ƙofofi ba. A Jalingo, wadda Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa a 1893, unguwanni irin su Sarkin Dawaki da Turaki da Majidaɗi suna ɗauke da sunayen sarautu. Ɗalibin da ya tambayi dattawan unguwarsu dalilin wannan suna ya riga ya fara nazarin tarihi.