Tarihin Wasan Jifan Kibiya da Ƙa'idojinsa

Wasan jifan kibiya, wanda Turawa ke kira dats, wasa ne na saiti da lissafi. Ana kafe allo mai siffar faifai a bango, cibiyarsa mita 1.73 daga ƙasa, ɗan wasa ya tsaya mita 2.37 daga allon ya jefa ƙananan kibau uku, sannan ya ba abokin karawarsa wuri. A Kwoi da Kagoro da sauran garuruwan Kudancin Kaduna, inda kwari da baka suka daɗe a hannun mafarauta har ana fitowa da su a bikin Afan na Kagoro kowace 1 ga Janairu, tsirkiya ce ke tura kibiya. A wannan wasa yatsu ne kawai da gwiwar hannu.

Asalinsa mashayun Ingila. A ƙarshen ƙarni na 19 daga Faransa ake shigo da kiban, na katako, da darma don nauyi da gashin talo-talo a gindi. Allon kuwa guntun itacen elm ne, wanda dole a jiƙa shi cikin dare don ramukan su rufe, kada kuma ya tsage. A shekarun 1930 kamfanin Nodor ya fito da allon zaren sisal, irin wanda ake tufka igiya da shi. An matse zaren a tsaye, kibiya ta shiga tsakaninsa, da an zare ta wurin ya koma yadda yake.

Abin da ya fitar da wasan daga sahun sa'a shi ne jerin lambobin. An raba allon gida 20, aka ajiye manyan lambobi tsakanin ƙanana: 20 na tsakanin 1 da 5, 19 na tsakanin 3 da 7. Wanda ya nemi maki 20 hannunsa ya ɗan karkace, da 1 zai koma. Ana danganta wannan tsari ga wani kafinta mai suna Brian Gamlin a 1896, wasu kuma ga Thomas Buckle a 1913. Ko wane ne, ya yi dabara mai zurfi, domin ya sa kowane kuskure da farashinsa. Akwai sanannen labari na shari'ar da aka yi a Leeds a 1908, lokacin da doka ta hana wasannin sa'a a mashaya: aka kafa allo gaban alƙalai, wani gwani mai suna William Annakin ya zuba kibansa inda ya ga dama, aka yarda wasan na ƙwarewa ne.

Siririn zoben bakin allo yana ninka lamba biyu, na ciki yana ninka ta uku. Cibiya maki 50 ce, zoben da ya kewaye ta 25. Saboda haka wuri mafi tsada shi ne ninki uku na 20, wato 60, kibau uku a can su ba da 180. Kowa na farawa da 501, ana ta ragewa, wanda ya fara kai sifili daidai ya ci, da sharaɗin kibiyar ƙarshe ta sauka a zoben ninki biyu ko cibiya. Wanda ya zarce, ko ya bar 1, jifansa na wannan zagaye ya faɗi.

A nan dabara take. Gwani ba ya jira sai ya zo ƙarshe ya fara lissafi, tun yana sama da 200 yake shirya lambar da zai bari. Da yawa sun fi son barin 32, wato ninki biyu na 16. In kibiya ta faɗa 16 zalla, saura 16, ninki biyu na 8 ke nan, kuma 8 na maƙwabtaka da 16 a allon, ba sai ya sauya tsayuwa ba. Daga nan ninki biyu na 4, sai na 2, sai na 1. Mafi girman abin da ake gamawa da kibau uku shi ne 170, mafi ƙarancin kiban da za su cinye 501 kuma tara ne. John Lowe ne ya fara cinye 501 da kibau tara a talabijin a 1984.

Gasar jaridar News of the World, wadda aka fara a 1927, ita ce babba shekaru da dama. A shekarun 1970 kiban ƙarfen tangistin suka maye gurbin na tagulla. Ƙarfen ya fi nauyi, don haka kiban sun fi siriri, uku na shiga gida ɗaya ba cunkoso. An kafa ƙungiyar BDO a 1973, Leighton Rees ɗan Wales ya ci gasar duniya ta farko a 1978. A farkon shekarun 1990 manyan 'yan wasa suka ɓalle kan batun kuɗi da talabijin, suka kafa ƙungiyar da ta zama PDC, BDO kuwa ta rushe a 2020. Phil Taylor ya ci kofin duniya sau 16. A Janairun 2025, a zauren Alexandra Palace na Landan, Luke Littler ya ɗauke shi yana ɗan shekara 17.